Layin Dogo a Ɗakin Baba

4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Nas, ma'abociyar allura da auduga, wadda nisan ƙasa bai rage wa iko a kan gidan nan ba.

Ina miƙo gaisuwa mai nauyin da, in da ana auna ta, ma'aikatan gidan waya za su ƙi karɓar ambulan. Ina fata kina lafiya, ke da majinyatanki. Ni dai, jikan ƙanwar kakarki, wanda kuka ba ɗaki don ya yi karatu ya kuma sa ido a kan mahaifinki, ina nan da raina, sai gajiyar da ta zame mini rigar kullum. Gwaggo tana gaishe ki. Gwiwarta ta hagu har yanzu tana nan a kan ra'ayinta.

Ga rahoton da kika ɗora mini na duk wata, tun da Baba ya yi rantsuwa ba zai riƙe waya yana jan kalma ɗaya 'yarsa tana jira a can gefen ba. Kin san yadda muka yi wata biyar bayan shanyewar ɓarin jikin nan: yana kwance, fuska ga bango, abinci sai an roƙa. To, ki gyara zama. Yau mako uku ke nan yana tashi kafin bakwai na safe, ya nemi ruwan zafi, in yi masa aski, ya ɗora tsohuwar hularsa ta shugaban tasha. Jiya ya yi wa Gwaggo jimla guda mai kalma tara, kuma duk taran faɗa ne. Ta fito tana share ido tana murna. Hannun hagu dai yana nan kamar baƙon da ya ƙi tashi daga barci.

Yanzu sai batun tsohuwar kwamfutarki ta makaranta, wadda kika bari a kan durowa. Na mayar da ita ɗakin Baba, bisa wani dalili da aka rantsar da ni kada in bayyana. Idan wani ya gaya miki ana jin kukan jirgin ƙasa a gidan da ya yi nesa da layin dogo, kada ki ƙaryata shi.

Wannan baiwar Allah ta tsufa, Yaya. In an kunna ta, mutum yana iya zuwa ya yi wanka, ya goge riga, ya dawo ya tarar tana tunanin ko za ta farka. Fankar cikinta tana nishi irin na mai hawan bene da buhu a ka. Tana dab da komawa ga mahaliccinta, wato kamfanin da ya ƙera ta. Duk da haka ina girmama ta fiye da wasu malamaina. Abin da nake roƙo kawai shi ne sabon linzami, wato ɗan abin nan da ake ja a kan tebur ana dannawa, domin na yanzu sai an lallashe shi.

Naki mai biyayya gwargwadon hali,
Ɗan Kamus

19 ga Maris

Kamus,

Na amsa gaisuwa. Ina lafiya, ban da ƙafafuna. An rage mana ma'aikata, aikin mutum biyu nake yi, wasiƙarka ma a tsaye na karanta ta a ɗakin canja kaya. Da na zo kan labarin Baba na zauna a benci na ɗan yi kuka. Allah ya saka maka. Na san ba ƙaramin abu kake ɗauke da shi ba, ga karatu.

Kwamfuta kuwa na gane, ta gama nata. Linzami ba zai tashi gawa ba. Na sayo muku na'urar wasa irin wadda ake haɗawa da talabijin, mai hannun gem da ake riƙewa da hannu biyu. A nan mukan ba masu shanyewar jiki ita don yatsu su motsa. In ka iya shawo kan Baba ya riƙe ko minti goma a rana, hannun hagun zai amfana. In ya ƙi, kai ka huta da ita, ka cancanta. Wata abokiyar aikina za ta kawo farkon wata.

Na gaya wa Gwaggo a waya, in na'urar ta iso ta ba mai shagon buga takardu na bakin titi tsohuwar. Ya daɗe yana tambayarta, kuma ɗakin Baba zai samu iska.

Zancen kukan jirgi ya ba ni dariya. Ba ka canja ba.

Yayarka

1 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Nas, wadda alherinta ya yi gudu har ya wuce inda aka aike shi.

Bayan gaisuwa, kowa lafiya. Baba ya ƙara ƙiba kaɗan, har maɓallin wuyan rigarsa ya fara ƙorafi. Gwaggo da gwiwarta sun yi sulhu na wucin gadi.

Na kira ki sau uku, wayarki tana kulle a kabad ɗin asibiti. Na tura saƙo cewa kada a taɓa kwamfutar nan, kika aiko mini da fuskar nan mai dariya har da hawaye. Saboda haka na ɗauki alƙalami, in gabatar da ƙara a gaban kotunki a madadin wadda ake tuhuma.

Ba na raina na'urar talabijin. Kyakkyawa ce, ba ta nishi, hotonta kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Amma ki leƙa cikinta ki ga su wa ke zaune. 'Yan ƙwallo, 'yan dambe, masu tseren mota, masu harbi, sai wani jarumi da ke tsalle daga katanga zuwa katanga da takobi. Akwai masu sanyin hali a cikinsu, ban musa ba, amma su ne 'yan tsiraru, kuma a bayan layi suke. Galibin gidan na masu gaggawa ne. Ba laifinta ba ne. An ƙera ta don mutumin da ke jingine a kujera nesa da allo, da 'yan maɓallai ƙalilan a ƙarƙashin manyan yatsunsa biyu, kuma masu ita suna tsaye a ƙofa suna zaɓen wanda zai shiga.

Ita kuwa kwamfuta fili ce marar shinge. Duk wanda ya iya, yana iya zama a ɗakinsa ya ƙirƙiro wasa a kan abin da ya dame shi, ya saka. Shi ya sa za ki samu wasan noma inda aikinki jiran ruwan sama. Za ki samu na tuƙa babbar mota awa huɗu ba tare da karya dokar hanya ba. Akwai na gina gari har da magudanan ruwansa, akwai wanda rubutu ne zalla babu hoto ko ɗaya, akwai na taswira inda mutum zai yi tunani na kwata ɗin awa sannan ya danna sau ɗaya. Har da na tsara wa ma'aikatan asibiti lokutan aiki, wanda ba zan ba ki shawararsa ba tun da kina shan na gaske. Kuma akwai, Yaya, ki karanta wannan layin a zaune, wasan da mutum ke zama a ɗakin sigina yana ba jiragen ƙasa hanya, wannan ya jira, wancan ya wuce. Na bincika, irinsa babu shi a na'urar da kika saya.

Waɗannan duka ba sa neman saurin yatsa. Haƙuri suke nema, da sanin aiki, da hannu ɗaya a kan linzami.

Mu ƙaddara, a misali kawai, akwai wani mutum mai hannu ɗaya da ke aiki, mai kai cike da jadawali, wanda duniya ta daina tambayarsa komai. Wanne gida zai karɓe shi cikin biyun nan? Iyakar abin da alkawari ya bar ni in faɗa ke nan, kuma ko wannan na taka iyaka.

Na roƙi Gwaggo ta dakata. Ta ce ita ba ta karɓar umarni daga wanda har yanzu ake tuna masa ya kashe fitila, maganarki take bi. Ki kira ta, don Allah.

Lauyan wadda ake tuhuma,
Ɗan Kamus

17 ga Afrilu

Kamus,

Gaisuwa. Mura ta kama ni amma na ci gaba da aiki, babu mai karɓa. Na ji daɗin labarin maɓallin wuya.

Wasiƙarka ta iso jiya. Na karanta wa abokan aikina lokacin shan shayi, wata har ta ƙware. Sun ce a gaishe da lauya. Ni ma rabona da dariya haka an jima, na gode.

Mutumin misalinka na gane shi. Kai ne, hannu ɗaya a linzami, ɗaya a cikin kwano. In kana nufin in yarda Baba ne, to ka manta a gidan na girma. Mutumin da ya taɓa samun karta a jakar makarantata ya sa na zuba ta a kwandon shara da hannuna, ya ce wasa na wanda ba shi da aiki ne. Ka nemi wata dabarar.

Gwaggo ta ce na'urar ta iso, an kuma kai tsohuwar. Ka gaya mini yadda hannun ya yi. Ka mai da hankali ga jarrabawa, wasan noma ba zai gudu ba.

Yayarka

30 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki. Allah ya ƙara sauƙin murar. Ni da Gwaggo lafiya. Baba ba lafiya ba. Yau ba ni da manyan kalmomi, ki karanta wannan yadda na rubuta shi.

Zan karya alkawari. Baba ne.

A watan Fabrairu soket ɗin ɗakina ya lalace, na kai kwamfutar ɗakinsa da rana ina wasan jiragen nan, yana kwance ya ba ni baya. Na cakuɗa layin, jirage biyu, na kaya da na fasinja, suna ta busa wa juna ƙaho. Sai na ji murya daga gado, a hankali, kalma kalma.

“Ka riƙe na kaya.”

Na riƙe. Layin ya buɗe. Ya juyo ya ce in matso da teburin. Washegari ya karɓi linzamin. Daga ranar yake kama aiki bakwai na safe ya tashi ƙarfe ɗaya. Haka yake kiransa, aiki. Ya sa na sayo masa littafi yana rubuta shigar kowane jirgi da fitarsa. Ya shimfiɗa layi mai tasha goma sha ɗaya, ya sa musu sunayen tashoshin da ya yi aiki a cikin shekara talatin da huɗu, a jere, har ta ƙarshe wadda aka rufe aka sallame shi. A nasa layin ba a rufe ta ba. Ya sa na yi masa alkawari ba za ki ji ba, kuma labarin kartar nan da kika tuna shi ne dalilin da ya ba ni. Gwaggo tana ɗauka rediyo yake saurare in ya rufe ƙofa.

Ranar da mai shago ya zo ina ɗakin jarrabawa. Gwaggo ta ce Baba yana zaune da hularsa, yana kallo ana naɗe wayoyi. Ta gaya masa umarninki ne. Ya bari aka fita da ita, domin in ya hana ya tona kansa. Da na dawo na ruga shagon. Mutumin kirki ne, bai san komai ba, ya riga ya share duk abin da ke ciki don ta yi masa sauri. Da na yi masa bayani ya ɗauko ta da kansa ya kawo har gida.

Na sake saka wasan. Taswira ta fito fili fetal, babu layi ko taku ɗaya. Na ce Baba mu sake ginawa, littafin yana nan. Ya kalli allon.

“An rufe,” ya ce. “Sau biyu ya isa.”

Na gwada na'urarki, don kada ki ce ban gwada ba. Hannun gem ɗin ya zame daga hagunsa sau uku a gaban Gwaggo, ɗan damben da ke allo yana tsaye ana jibgarsa. A na ukun bai bari na ɗauko ba. Ya koma ya fuskanci bango. Yau kwana goma sha tara bai nemi ruwan zafi ba. Hular tana rataye a ƙusa.

Ba ki da laifi. Alheri kika yi niyya, kuma da gumin ƙafafunki kika saya. Ni ne na saba muku da raha har ranar da na zo da gaskiya ta fito da kayan raha. Na yi wa kwamfutar ta'aziyya tana raye don in ba ki dariya, kika gaskata. Na roƙe ki da gaske, kika yi dariya. Da na karya alkawarin nan tun wata guda da ya wuce, da layi ɗaya ya isa.

Na gaji, Yaya, kuma ban san abin da zan yi ba.

Ƙaninki

14 ga Mayu

Kamus,

Gaisuwa. Murar ta tafi. Wannan karon a zaune na karanta, sau uku. Na koma na ɗauko ta ɗaya ga Afrilu, na ga inda ka ce in zauna. Ban zauna ba a lokacin.

Yanzu ka san abin da ya sa na tambaye ka sunan wasan a saƙo. Na saka shi a kwamfutata. Kwana shida ina fama da shi a lokacin hutun cin abinci. Na gina tasha uku kacal, kuma komai ya tsaya cak. Ba ƙirƙira na yi ba, na kasa ne da gaske. Ban taɓa sanin abin da yake yi a ɗakin siginar nan duk tsawon yarintata ba. Na ɗauka zama kawai yake yi.

Ga wata takarda a ciki da zanen layin. Ka karanta masa yadda take, kada ka ƙara mata gishiri.

“Baba, ina gaishe ka da jiki. Ina da matsala a wurin aiki. Layina guda ɗaya ne, tasha uku, wurin kaucewa a ta tsakiya kawai. Jirgin kaya ya fito daga gabas, na fasinja daga yamma, wani na kayan yana zaune a wurin kaucewar. Kowa yana kallon jar fitila. Fasinjoji sun yi kwana biyu a ciki. Ban san wanda zan tambaya ba sai kai. 'Yarka.”

In ya yi fushi da kai saboda alkawarin, ka ce ni na matsa maka.

Yayarka

28 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Nas, sabuwar ma'aikaciyar sigina, wadda fasinjojinta suka cancanci addu'ar al'umma.

Gaisuwa, tare da sanarwar cewa manyan kalmomina sun dawo daga hutun jinya, ko da yake suna ɗingishi. Na gama jarrabawa, sakamako yana hannun Mai Sama. Gwaggo lafiya. Ta gano tseren mota a na'urarki, kuma ina baƙin cikin shaida miki cewa ba ta san birki ba.

Na karanta wa Baba takardarki ranar Talata da hantsi, yana fuskantar bango. Na gama, bai motsa ba. Na ɗauka ya yi barci, har na miƙe. Sai ya tambaya ko ni na gaya miki. Ban ɗora miki ba, na ce ni ne. Ya ce za mu yi wannan maganar, kuma har yau ina jiranta kamar mai jiran allura.

Daga nan ya miƙo hannun dama ta baya, ba tare da ya juyo ba. Na sa masa zanenki. Ya nemi tabarau. Ya duba ya duba, sannan ya yi tsaki irin wanda rabon gidan nan da jinsa tun farkon Afrilu. Ya ce wa ya koya miki ajiye jirgi a wurin kaucewa ki tafi cin abinci. Ya ce a zamaninsa da an rubuta miki takardar gargaɗi. Ya ce, kuma wannan sai da ya huta sau biyu kafin ya kai ƙarshe, wurin kaucewa ba ɗakin ajiya ba ne.

Na nemi ya faɗi mafita in rubuta miki. Ya fara, ya tsaya, ya ce zanen bai nuna tsawon jiragen ba, kuma shi ba ya ba da hanya a kan abin da bai gani ba. Ya umarce ni in gina tashoshinki uku a kwamfutar, daidai yadda kika ɓata su. Na gina. Baiwar Allah ta yi nishinta ta farka. Ya ce in matso da teburin.

Kada in yi miki ƙarya. Tashoshinsa goma sha ɗaya bai sake ambatarsu ba, littafin ma ya sa na saka a durowa. Hannun hagu yana inda yake. Wasu ranakun ƙarfe goma yake tashi daga aiki ya koma ya kwanta. Amma ranar Laraba ya nemi ruwan zafi, kuma hular ta sauko daga ƙusa.

Ya warware layinki cikin minti ashirin, sai dai ya hana ni rubuta yadda aka yi. Ya ce wasiƙa tana fin mako guda a hanya, ba a barin fasinja haka, kuma wanda aka rubuta wa amsa ba ya koyon aiki. Na tuna masa cewa hanya ɗaya ce ta fi wasiƙa sauri, kuma shi ya yi rantsuwa a kanta. Ya harare ni. Ya ce rantsuwar ta hira ce, wannan kuwa aiki ne.

Saboda haka ki nemi hutun ranar Lahadin da ke biye da isowar wannan takarda, ki fito da wayarki daga kabad, ki buɗe kwamfutarki. Zai yi jinkiri wajen magana. Kada ki ƙarasa masa kalma, ya tsani haka.

Sabon linzamin da na roƙa tun watan Maris har yanzu ina jira, cikin ladabi.

Na bar sarari a ƙasa domin ya karɓi alƙalamin. Layi biyun nan sun ci masa kusan rabin awa, kuma bai yarda na taimaka ba.

Ɗan Kamus

Lahadi, bakwai na safe agogonmu.
Kada ki saki ko jirgi ɗaya sai na kama aiki.